Rami na Tamanin da Biyar

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwa na jira.

To ku gyara zama, amma ina gaya muku tun yanzu, wannan akwai jini a cikinta.

A bayan gari, inda kwalta ta ƙare, akwai wata ma'aikatar fasa dutse. Wa da ƙanwarsa, 'yan ɗaki ɗaya, a can suke aiki. Shi ana ce masa Mai Nakiya, don shi ke ɗura nakiya a ramuka, shi kuma ke danna maɓalli. Ita kuwa sunan gida ne ya biyo ta. Ranar da ta fara zuwa, yayan ya ɗaga murya gaban lebura arba'in ya ce, "Auta, sa hular kwanonki." Shi ke nan, sunan ya kama ta kamar kaska.

Yayan nan hannunsa kusa yake. Ya taɓa kifa wa wani mari don ya kunna taba kusa da ɗakin nakiya, har haƙori ya yi tsalle, washegari kuma shi da kansa ya kai shi wurin likita. Kunnensa na hagu ya daɗe da toshewa. Ba ya yarda da kowa, wayar nakiya ɗaya sai ya duba ta sau uku. Amma abin da ya fito daga hannun Auta, ba ya karanta shi sau biyu.

Bari in gaya muku yadda ake fasa dutse, don ku riƙe. Masu huda za su yi ramuka layi-layi, a ɗura musu nakiya. Ba a tayar da su lokaci ɗaya. Na gaba ne ke fara tashi su buɗe hanya, na baya su biyo, tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba. Idan na baya ya yi gaggawa ya tashi hanya ba ta buɗe ba, ba shi da inda zai tura dutsen sai sama.

Lissafin wannan lokacin shi ne aikin Auta. Tana zaune a wata kwantena mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, da manhajar kwamfuta da ta rubuta da hannunta. Manhajar takan gwada tsari dubbai, ta zaɓi wanda ba zai tsattsaga bangon gidajen da ke ƙetaren titi ba. Daga nan Auta ta zuba lokutan a wata na'urar hannu, Yaya ya ɗauka ya bi ramuka ɗaya bayan ɗaya, kowane rami na'urar ta ba shi lokacinsa. Ma'aikata suna kiran na'urar Tsohuwa, saboda mitarta. Idan aka ba ta lambar ramin da babu shi a jerinta, sai ta kama kuka ƙii-ƙii, ba ta yin shiru sai an gyara.

Matsala ɗaya, manhajar akwai nawa. Sai ta yi awa guda tana tunani, motoci sun yi layi, rana na dukan mutane. Manaja ya leƙo da tumbinsa.

"Auta, kwamfutar taki ta haihu, ko har yanzu naƙuda take?"

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

"Jiya ma saura kaɗan ne. Kakata da yatsu ta fi ta sauri."

Abin ya ci ranta, ta zauna ta bi manhajar layi-layi har ta gano ciwon. Kowane rami yana da bayaninsa guda uku a haɗe: zurfinsa, nauyin nakiyarsa, da lokacin tashinsa. Ku ɗauka ɗaki ne mai maratayi uku. To manhajar takan kama gida mai ɗaki ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Rami na biyu ya zo, sai ta kwashe kaya ta koma gida mai ɗaki biyu. Na uku ya zo, a sake ɗaure kaya. Haka za ta yi ta ƙaura har sau tamanin, sannan a sake daga farko a tsari na gaba. Wa zai yi aiki yana ƙaura kullum?

Auta ta ce an daina. Ta sa manhajar ta keɓe ɗaki ɗari biyu tun farko, sau ɗaya, ko ramuka nawa ne su zo su tarar da wurinsu. Don kada a sami tarkacen wani tsohon lissafi a ciki, ta share ɗakunan tas, ta zuba sifili a kowane maratayi. Ta danna. Abin da ke cin awa guda ya ƙare kafin shayinta ya huce.

Ta san saura abu ɗaya. Idan ramuka tamanin ne, sauran ɗakuna ɗari da ashirin suna nan a baya da sifilinsu kamar wutsiya, kuma dole a yanke wutsiyar kafin a zuba wa Tsohuwa. Ta ma rubuta a 'yar takarda, "yanke wutsiya", ta liƙa a gefen allo. Sai ga Manaja ya shigo, ya ga an gama, ya hau tafi yana kiran mutane su zo su ga abin mamaki. Yaya ya tsaya a ƙofa yana murmushin da ba a cika gani ba.

"Ai na gaya muku," in ji shi. "Ƙwaƙwalwar gidanmu duka ita aka ba. Ni ƙashi kawai na samu."

Wanda aka yaba, ƙafarsa ba ta taka ƙasa. Fanka ta kaɗe takardar ta faɗa bayan tebur. Aka yi fashin dutse sau uku lafiya lau, Auta ta manta.

Ranar da abin zai faru, ramuka tamanin da huɗu aka rubuto mata. Amma Dogo, shugaban masu huda, ya ga wani ƙusumbi a bayan dutsen, ya ƙara ramuka uku a can layin ƙarshe. Ba sabon abu ba ne. Ramin ƙari yakan ɗauki lambar da ke bin ta ƙarshe, Tsohuwa ta yi kuka, Yaya ya kira ya ce, "Auta, kakarki ta fara," ita kuma ta sake lissafi. Ran nan Yaya ya ba Tsohuwa tamanin da biyar, ta yi shiru. Tamanin da shida, shiru. Tamanin da bakwai, shiru. Ai ɗakunan suna nan, ta leƙa ta tarar da lokaci a rataye. Sifili kuwa a wurinta ba "babu" ba ne. Sifili shi ne "tashi yanzu".

"Ka gani?" Yaya ya ce wa Dogo. "Auta ta riga mu. Ta san da su."

Can bayan jan layin da ba a tsallakewa lokacin fashi, inda motoci ke jira, Baba Tifa ya ajiye motarsa a wurin da ya shekara goma sha ɗaya yana ajiye ta. Dattijo ne mai ban dariya, ɗansa ne mai walda na ma'aikatar. Da safen nan ma ya tsaya a tagar Auta ya miƙo mata rabin lemo.

"'Yar Baba, ci ki ƙara basira. Tunda kika yi wa injin nan magani nake komawa gida da wuri, har tsohuwata ta fara zargin an kore ni."

Jiniya ta yi kuka sau uku. Kowa ya duƙa inda yake. Yaya ya danna.

Auta ta san ƙarar fashi mai kyau, takan zo ne kamar ana yaga ƙyalle mai tsawo. Wannan dukan guda ɗaya ne, ya shigo ta tafin ƙafa ya fita ta haƙora. Gilashin taga ya watso mata a fuska. Ta ɗaga kai ta ga bayan dutsen ya miƙe sama, baƙi ƙirin, ya rufe rana. Sannan ya fara saukowa. Duwatsu suka yi ta dukan rufin kwantena kamar ana jifan ɓarawo. Wani ya fasa tankin ruwa. Wani ya karya ƙafar lebura a bayan baro. Wani kuma, mai girman buhun siminti, ya tsallake jan layi ya sauka a kan motar Baba Tifa, ya lotsa rufin har kujera.

Da ƙura ta lafa, ta ga jini yana bin ƙasan ƙofar motar yana ɗiga a taya. Mai Walda ne ya ɓalle ƙofar da ƙarfen rodi. Abin da ya jawo daga ciki, daga ƙirji zuwa sama ba mai cewa ga wanda ya ba ta lemo. Wuƙar ɓare lemon tana nan a hannunsa.

Ba a jima ba Manaja ya faɗo kwantena yana haki, Yaya na bayansa, fari fat da ƙura, jini na fita ta kunnensa mai kyau. Ya ajiye Tsohuwa a kan tebur ya juyo mata fuskarta. Tamanin da biyar, sifili. Tamanin da shida, sifili. Tamanin da bakwai, sifili.

"Dogo ya ƙara uku," ya ce. "Ba ta yi kuka ba."

Auta ta duba gefen allo inda takardar take a da.

"Yaya, wutsiyar ce. Ban yanke ba."

Bai san wace wutsiya ba, amma ya san fuskar ƙanwarsa. Ya ɗaga hannu, hannun nan da ke cire haƙori. Ta rufe ido. Sai ta ji bangon kwantena ya amsa, ƙarfen ya lotsa daidai kunnenta. A waje an fara kiran sunansa.

"Ki zauna a nan," in ji shi. "Ko me kika ji, kada ki fito. Kin ji ni, Auta?"

Ya fita. Manaja ya murza makulli ya jefa a aljihu.

Ta fasasshiyar taga ta gani. Sun fi talatin, da shebur da guduma da guntayen katako, Mai Walda a gaba, rigarsa jiƙe da jinin ubansa.

"Wa ya sa lokacin?" in ji Mai Walda.

"Ni na sa," in ji Yaya. "Da hannuna."

Mutumin da ƙato uku ba sa kayar da shi, sai ya mayar da hannuwansa baya ya tsaya. Rodin farko ya same shi a kafaɗa, ta ji ƙarar ƙashin daga inda take. Na biyu a gwiwa, ya durƙusa. Daga nan kowa ya sa hannu. Wanda ya taɓa shan marinsa ya zo ya rama da takalmin ƙarfe a baki. Wani ya kwaɗa masa bayan shebur a ƙeya, hular kwano ta tashi ta gangara. Bai kare kansa ba. Yana tofar da jini yana ƙoƙarin miƙewa, suna mayar da shi.

"Zauna," Manaja ya ce mata a hankali. "Gyara fayil ɗin yanzu, ki goge tsohon. Shi ya riga ya ɗauka. Idan aka ce hannun mutum ɗaya ne, a wuce wurin. Idan aka ce manhaja ce, rufe mu za a yi gaba ɗaya."

"Kashe shi za su yi."

"Za su gaji. 'Yan sanda na hanya."

Ba su gaji ba. Wani ya ce a kai shi ya bi dutsen nasa. Suka kama ƙafafunsa suka fara ja a kan tsakuwa, kansa na bugun ƙasa, suka nufi bakin babban ramin da ake ciro dutse, wanda zurfinsa ya kai bene shida.

"Ba ni makullin, ranka ya daɗe."

"Ke yarinya, ki yi hankali. Kin san abin da za su yi miki?"

Ta sani. Ta cire hular kwanonta ta riƙe da hannu biyu ta sauke masa a hanci. Ya zauna daɓas, jini na bin tumbinsa. Ta zaro makullin, ta ɗauki Tsohuwa, ta buɗe ƙofa.

Muryarta ba za ta kai ba, ta san wannan. Amma maɓallin jiniya a jikin kwantena yake. Ta danna ta riƙe.

Duk wanda ya ci abincin dutse, jiniya ta fi uwarsa iko da shi. Mutum talatin suka saki abin da ke hannunsu suka duƙa, suka rufe kai. Kafin su gane babu fashi, ta ratsa su a guje ta tsaya a kan yayanta. Taku huɗu ya rage zuwa bakin ramin. Fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya ya rufe, ƙafar dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Koma," ya ce, da kyar.

"Matsa, Auta," in ji Mai Walda. "Ba ruwanki."

"Ruwana ne. Ƙarya ya yi muku. Dogo, zo nan. Ramuka nawa ka huda yau?"

Dogo ya fito daga baya yana kallon ƙasa. "Tamanin da bakwai."

"Akwai rami na ɗari da hamsin?"

"Ina zai fito?"

"To kun san Tsohuwa. Idan na ba ta ramin da babu, me za ta yi?"

"Kuka," wani ya ce.

Ta ɗaga na'urar sama yadda za su gani, ta danna ɗaya, biyar, sifili. Wurin ya yi tsit, sai ruwan tanki da ke zuba. Tsohuwa ba ta ce uffan ba. Ta danna ɗari da casa'in. Shiru.

"Ni na toshe mata baki," in ji Auta. "Na ba ta ramuka ɗari biyu don aiki ya yi sauri, na cika na banzan da sifili, na manta ban cire su ba. Yaya ya jira kukanta kamar kullum, bai ji ba. Bai sa lokacin komai ba. Ni na kashe Baba."

Mai Walda ya dube ta. Ita ce ke cika masa takardun hutu, ita ce ubansa ke ɓare wa lemo.

"Don aiki ya yi sauri," ya maimaita.

"Eh."

Rodin ya taso. Ta tare da hannun hagu, ya sauka a kan yatsu da tsintsiyar hannu, ta ji sun ruguje kamar busasshen kara. Ta faɗi a kan ƙirjin Yaya. Shi kuma, da ƙashin da ya rage masa, ya mirgina ya rufe ta. Mai Walda ya sake ɗagawa, sai Dogo ya cafke ƙarfen daga baya.

"Ni na huda ramukan, ban rubuta ba. Shi ya danna, bai duba ba. Wancan na ciki kullum sauri yake nema. Mu nawa za ka jefa, ɗan'uwa? Ubanka yana kwance a rana ba a ko rufe shi ba."

Suka yi kokawa da ƙarfen har Mai Walda ya fizge. Mutane suka ja da baya. Ya tsaya yana huci, ya dubi wa da ƙanwa a ƙasa, ya dubi Tsohuwa da ta faɗi gefe. A kanta ya sauke. Ya yi ta dukanta har ta zama gari, ya ci gaba da dukan wurin da take, har rodin ya lanƙwashe, hannuwansa suka fashe. Sannan ya zauna a tsakuwa ya sa kai a gwiwa. Wani dattijon lebura ya cire rigarsa ya tafi ya rufe Baba Tifa. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye shebur suka bi shi.

A bayan motar ɗaukar kaya aka kwantar da su biyun zuwa asibiti. Kowane rami motar ta faɗa, Yaya sai ya cije. Can ya buɗe idonsa mai gani.

"Na ce kada ki fito."

"Ka ce."

"Tun kina rarrafe ba kya jin magana." Ya yi tari, jini ya biyo. "Inna ta ce in kula da ke. Yanzu me zan gaya mata?"

"Ka ce na fasa wa Manaja hanci."

Ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana shi. Ta sa hannunta mai lafiya a aljihu don neman abin share masa baki, ta taɓo rabin lemon. A nan ne kuka ya zo mata.

An binne Baba Tifa washegari. Auta ta faɗi abin da ta yi a gaban masu bincike kamar yadda ta faɗa a bakin rami, aka rufe ma'aikatar wata biyar, aka sallame ta, aka sallami Manaja. Mai Walda ya yi wata tara a tsare, da ya fito ya ɗauki uwarsa suka bar garin, bai sake yi wa Auta magana ba. Dogo yana nan yana huda, kuma ba ya ƙara rami sai ya rubuta. Yaya bai sake taɓa nakiya ba, yana tafiya da sanda, sai an yi masa magana da ƙarfi yake ji. Auta yatsu uku na hagu ba sa lanƙwasuwa. Tana koyar da rubuta manhaja a wata ƙaramar makaranta, kuma har yau takan keɓe ɗakuna tun farko, sai dai ba ta zuba musu sifili. Alamar "ba a sani ba" take sawa, wadda ke tsayar da komai idan aka taɓa ta. Ita ce ke kai Yaya asibiti duk ranar Talata.